Yadda ake zana fure da tsuntsu da fentin ruwa a ƙaramar takarda

Tun da mutane suka fara ganin 'yan katunan da nake zanawa, furen kuɓewa, kurciya a kan katanga, tulu a gindin bedi, tambaya ɗaya ke ta dawo mini: wane fenti ne wannan, kuma ta ina ake farawa? Wasu har sun sayi fentin sun gwada, takarda ta kumbura ta yage, suka tura kwalin ƙarƙashin gado. Na yi ta amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, har na ga gara in zauna in rubuta abin gaba ɗaya, yadda nake yin sa a nan Katsina, da iskarmu da ƙurarmu da ruwanmu. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, a wannan aiki ruwa ake koyon sarrafawa. Inda ruwa ya bi nan launi zai bi, inda ya tsaya nan zai tsaya, kuma yanayin garinmu ne ke yanke tsawon lokacin da ruwan zai yi a kan takarda kafin ya bushe.

1. Takarda

Yawancin masu farawa fenti suke fara nema, suna ganin takarda ai ko'ina akwai ta. Kuskuren farko ke nan. Takardar A4 ta fotokwafi nauyinta giram 70 ne ko 80, da ruwa ya taɓa ta sai ta yi tudu da kwari, launi ya gangara ya taru a kwarin. Kwalin da ɗalibai ke zana jadawali a kai kuma santsi gare shi, ruwa ba ya shiga, sai ya zauna a sama yana yawo. Abin da kake nema shi ne takardar da aka yi musamman don fentin ruwa, wadda za ka ga an rubuta 300gsm a bangonta, wato mai nauyin giram 300. Ta 200 ma tana yi wa mai koyo, in dai an ɗaure ta sosai da tef.

Ka shafa ta da yatsa. Mai ɗan kaushi ita ce ta mai farawa, don tana riƙe ruwa ta ba ka lokaci. Mai santsin ta fi fitar da siraran layuka, sai dai duk inda hannunka ya yi rawa za ta nuna. Sunayen da aka fi gani su ne Canson da Fabriano. Akwai wadda ake yi da auduga zalla irin Arches, ita ce ta fi kowacce, amma kada ka taɓa kuɗinta sai hannunka ya faɗa.

In ka samu babban falle, wanda faɗinsa santimita 56 ne tsawonsa 76, shi ya fi araha. Ka raba kowane gefe gida huɗu da rula da reza, za ka samu katuna 16, kowanne 14 da 19. Raba kuɗin fallen gida 16, ka san abin da kati ɗaya ya ci maka. Ka fara tambaya a shagunan littattafai na cikin gari. In ba a dace ba, sai sautu zuwa Sabon Gari ta Kano, ko Samaru ta Zariya inda ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello ke sayayya.

Hattara: an taɓa sayar mini da kwali mai kauri a wani shago a kan cewa takardar fentin ruwa ce. Kauri kaɗai ba shi ne ba. Ka roƙi mai shago ya bari ka ɗiga ruwa a gefen falle ɗaya. Ta gaske za ta sha ruwan a hankali ba tare da fuskarta ta yi laushi ba. In ka murza wurin da yatsa ka ga tana fitar da tsaki-tsaki, ajiye musu abinsu.

2. Fenti da burushi

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan dai da malamai ke sa wa tawada don ta kama allo. Shi ya sa ko ya bushe ƙamas, da ka taɓa shi da jiƙaƙƙen burushi sai ya farfaɗo. Iri biyu ne a kasuwa: busasshe da ke jere a cikin ɗan akwati, da mai matsawa kamar man goge baki. Ga yanayinmu na fi son busasshen, domin mai matsawar in murfinsa bai rufu da kyau ba hunturu ɗaya ya ishe shi ya daskare. Na 'yan firamare, wanda in ya bushe yake barin gari kamar alli a yatsa, zai sa ka ɗauka kai ne ba ka iya ba. Ka nemi na ɗalibai mai ɗan dama, irin Pelikan ko Reeves, in aljihu ya yarda kuma Cotman na kamfanin Winsor & Newton.

Launi goma sha biyu sun yi yawa ma. Da rawaya, ja, shuɗi da ruwan ƙasa nake yin kusan duk abin da kake gani. Farin da ke cikin akwatin ka manta da shi, farinka shi ne takardar kanta. Baƙin ma ka ja baya da shi, yana kashe launi.

Hattara: kada a haɗa ka da fosta kala ko akirilik a ce duk ɗaya ne. Fosta rufe takarda yake yi, haske ba ya ratsa shi. Akirilik kuwa in ya bushe ruwa ba ya tayar da shi, in ya bushe a burushi kuma burushin ya tashi aiki.

Burushi biyu sun isa, dukansu masu zagayayyen jiki da tsinin baki: lamba 6 don yawancin aiki, lamba 2 don ido da jijiyar ganye. Ka jiƙa shi ka yarfe. In bakinsa ya haɗe ya yi tsini kamar na alƙalami, ya yi. In ya baje kamar tsintsiya, ko kyauta ne kada ka karɓa.

Kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu da dala yake tafiya, don haka ka zaga shago biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi. Amma rabon da nake ba kowa shawara ɗaya ne: in kuɗinka kashi goma ne, biyar takarda, uku fenti, biyu burushi da tef.

3. Abin da ke gida

Farin farantin tangaran don haɗa launi (ya fi na roba, ruwa ba ya dunƙulewa a kansa), kofi biyu na ruwa, tsumma mai tsabta, tishu, fensir HB, kilina mai laushi, guntun filawud da ya ɗan fi katin girma, da tef ɗin takarda irin na masu fentin mota. Sai 'yar kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski, wadda a hunturu ta fi burushi na uku amfani.

Kofi ɗaya na wanke burushi ne, ɗayan na ɗibar ruwa mai tsabta. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse irin mai barin farin ɓawo ne a cikin buta, ka fasa fiya wata ɗaya ka yi aiki da shi.

4. Lokaci da wurin zama

Nan ne masu koyo daga bidiyon Turawa ke shan mamaki. Mai bidiyon zai shafa ruwa, ya tsaya yana bayani, ya dawo takardarsa tana nan jiƙe. Kai kuwa a watan Janairu, kafin ka wanke burushi ka ɗebo launi na biyu wurin ya bushe, ya bar maka layi mai kaifi a tsakiyar fure. Iskar hunturu ce, babu danshi a cikinta.

Don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka yi aiki a ɗaki, ka rufe tagar da iska ke shigowa, ka kashe fanka. Ka haɗa duk launin da za ka buƙata a faranti kafin burushi ya taɓa takarda, ka haɗa fiye da yadda kake zato, kana ɗan fesa wa farantin ruwa lokaci-lokaci. Ka share tebur da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙura in ta sauka a jiƙaƙƙen fenti ta zauna ke nan. A bazara matsalar gumi ce: ka sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka, don inda maiƙon hannu ya taɓa fenti ba ya kamawa. A damina, musamman cikin marka ta Agusta, abin juyawa yake yi. Takarda za ta daɗe ba ta bushe ba, kuma in ka rufe akwatin fenti a jiƙe zai yi fumfuna.

Lokacin da ya fi mini daɗi shi ne daga gari ya waye sosai zuwa hantsi. Ka zauna yadda haske zai zo ta hagunka in da dama kake rubutu. Kada ka haɗa launi da dare a hasken fitilar sola, gobe da safe za ka ga wani abu daban.

5. Ɗaure takarda

Ɗora katin a kan filawud, ka bi gefuna huɗu da tef, rabin faɗinsa a kan takarda rabi a kan katako, ka danne da farce. Shi ne zai hana takarda lanƙwashewa, kuma shi zai ba ka farin gefe mai tsabta a ƙarshe. Kafin ka manna, ka fara liƙa tef ɗin a jikin rigarka sau biyu don ƙarfin gam ɗin ya ragu. Sai ka sa littafi ɗaya a ƙarƙashin kan katakon ya ɗan karkato wajenka.

Hattara: salatif na leda ba ya wannan aiki, zai tashi da fuskar takarda.

6. Kwana uku na gwajin ruwa

Na san kowa fure yake so ya zana ranar farko. Ka daure ka ba da katuna uku ga wannan mataki, shi ne aikin gaba ɗaya.

Rana ta farko ka koyi kaurin fenti. Ɗauki launi ɗaya ka haɗa shi kauri iri uku a faranti: tsararo kamar shayin da ba madara, matsakaici kamar koko, da mai kauri kamar kunun gyaɗa. Ja layi da kowanne, ka jira su bushe. Za ka ga duk sun fi yadda ka shafa su haske. Haka fentin ruwa yake, kullum yana dusashewa in ya bushe, don haka ake ɗan ƙara masa ƙarfi tun farko.

Rana ta biyu ka koyi shafe fili. Zana ɗan akwati da fensir. Cika burushi lamba 6 da tsararon launi, ja layi daga hagu zuwa dama a sama. Saboda karkatar katakon, ruwa zai taru a ƙasan layin. Sake cika burushi, ka taɓa wannan tarin ruwan ka ja layi na biyu, haka har ƙasa. Kada ka koma sama ka gyara komai. In ka kai ƙasa, matse burushi a tsumma ka tsotse ragowar ruwan da shi. In ka bar shi zai koma sama ya yi maka taswira.

Rana ta uku ka koyi karanta takarda. Shafa ruwa zalla a wuri, ka karkata kai kana kallon sa ta gefen haske. Da farko yana ƙyalli sosai, launin da ka ɗiga a lokacin zai gudu ko'ina. Can ƙyallin zai ragu ya koma sheƙi kaɗan. Wannan ne lokacin da ake nema: launi zai bazu a hankali ya tsaya da laushin gefe. Daga nan sheƙin zai ɓace, takarda ta yi kamar ta bushe alhali ba ta bushe ba. A wannan gaɓar ake ɓata zane goma cikin goma, duk ɗigon da ya sauka zai ture launin da ke ƙasa. Taɓa gefen wurin da bayan yatsa. In ka ji sanyi, da saura, ka ɗauke hannu. Ka riƙa ɗiga launi a kowace gaɓa kana duba agogo, ka san minti nawa takardarka ke ba ka a wannan watan.

7. Zanen fensir

Ka zana abin da ke gabanka, ba wanda ke kanka ba. Furen kuɓewa na zaɓa mana domin kusan kowace unguwa akwai mai 'yar kuɓewa a bayan gida da damina, masu lambu kuma suna da ita da rani, ga shi siffarsa ba wuya: kunnuwa biyar masu ruwan rawaya mai haske, tsakiya ja mai duhu. Da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yanƙwane, don haka ka ɗauke shi hoto a waya tun da wuri ko da za ka tsinko shi. Furen zoɓo da na auduga danginsa ne, in ka iya ɗaya ka iya sauran.

Fara da da'ira mara nauyi don girman furen, kada ka sa ta daidai tsakiyar kati, ka ɗan gusa. Sa ɗigo inda tsakiyar take, ka fitar da kunnuwan daga nan, kana lura da wanda ya hau kan wani. Layin ya zama wanda da ƙyar ake gani.

Hattara: danna fensir yana yin rami a takarda, launi ya taru a ciki. Yawan goge-goge da kilina kuma yana cinye fuskarta, wurin ya riƙa shan fenti ya yi dabbare-dabbare.

8. Fentin furen

Ƙa'idar ita ce daga haske zuwa duhu. Mai duhu yana rufe mai haske, amma mai haske ba ya rufe mai duhu.

Haɗa abu uku a faranti: rawaya tsararo sosai, ja da aka ɗiga wa shuɗi kaɗan har ya yi kalar zoɓo mai kauri kamar koko, da kuma wannan zoɓon an tsinka shi da ruwa har ya kusa ɓacewa, don inuwa.

Shafa rawaya a kunne na ɗaya, ka bar ɗan fari a inda haske ya fi bugawa. Jira ƙyalli ya koma sheƙi. Ɗauki kalar zoɓo da bakin lamba 2, ka taɓa gindin kunnen sau ɗaya ko biyu, ka ɗauke burushi. Za ka ga jan yana hawa cikin rawayar da kansa, yadda lalle ke bin zanen fata. Kada ka taimaka masa. Wannan bazuwar da ruwa ke yi ita ce kyan aikin, burushi ba zai iya kwaikwayonta ba, kuma har yau duk sanda na ga ta faru daidai sai na ji daɗi kamar ranar farko.

Tsallake kunne na biyu ka yi na uku, domin in jiƙaƙƙu biyu suka haɗu za su zama abu ɗaya. In sun bushe ka yi na biyu da na huɗu, na biyar ya zo ƙarshe. A hunturu kunne ɗaya-ɗaya za ka riƙa yi daga farko har ƙarshe, iska ba za ta jira ka ba. A damina kana iya shafa biyu kafin ka dawo ka ɗiga ja.

Bayan komai ya bushe, bushewar da ba sanyi a bayan yatsa, sai inuwa. Inda wani kunne ya hau kan wani, ja siririn layi na tsinkakken zoɓon a kan na ƙasa, nan take ka wanke burushi, ka matse, ka bi gefe ɗaya na layin don ya narke. Da shi kuma za ka ja jijiyoyi uku ko huɗu daga tsakiya zuwa waje. Ba sai ka zana duka ba. Ƙarshe ka sa ɗan sandan tsakiya da rawaya mai kauri, kansa da ja mai duhu.

Hattara: kada ka yi inuwar rawaya da baƙi, kore mai datti za ta ba ka.

9. Ganye

Koren da ke cikin akwati ya cika ɗaukar ido, babu ganyen da ke da wannan kalar a gonakinmu. Haɗa rawaya da shuɗi, ka ɗiga ruwan ƙasa kaɗan. Shafa mai haske a ganyen duka, in ya bushe ka zo da mai duhu ka cika tsakanin jijiyoyi, ka bar jijiyoyin da kalar farko. Ganye biyu da ɗan ƙaramin ɗan kuɓewa ɗaya sun isa katin.

10. Kurciya

Kafin mu shiga, akwai tambayar da ake yawan yi mini game da zanen abu mai rai, ko ya halatta a addini. Magana ce ta malamai, kuma na san mutane da yawa da ke kauce mata gaba ɗaya. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Wanda ya zaɓi ya tsaya a fure, tukwane, ƙwarya da faifai, ko gine-gine irin Hasumiyar Gobarau da Ƙofar Soro, yana da abin zanawa har ƙarshen rayuwarsa, kuma matakan duk ɗaya ne.

Ga mai ci gaba, ka watsa tsabar gero a tsakar gida ka zauna shiru kwana biyu kana kallo kafin ka ɗauki fensir. Jikin kurciya ƙwai ne da ya ɗan kwanta, kai ƙaramar da'ira, wutsiya doguwa. Masu farawa kusan kullum suna girmama kai, su kuma dasa ƙafafu a gaba da yawa, tsuntsun ya zama kamar zai faɗi da baya. Ka auna da fensir a hoton wayarka, kai nawa ne ke shiga cikin jiki.

Launi uku za ka haɗa: ja da ruwan ƙasa tsararo don kai da ƙirji, ruwan ƙasa matsakaici don baya, sai shuɗi da ɗan ruwan ƙasa wanda ke ba da toka mai shuɗi-shuɗi don gefen fiffike. Jiƙa jikin tsuntsun da ruwa zalla, ban da ido da baki. Sa na farko a kai da ƙirji, yana raguwa zuwa ciki har ya koma farin takarda a ƙarƙashin wutsiya. Tun da sheƙi ka sa na biyu a baya, na uku a gefen fiffike, ka bar su su gaisa da kansu. Ɗauke hannu har ya bushe.

Zagaye na biyu a busasshiyar takarda ake yi. Ƙara wa tokar kauri ka ja dogayen gashin fiffike da na wutsiya, layi biyar ko shida. Ɗige-ɗigen nan na wuya, baƙi-baƙi a kan ja, ka yi su da tsinin lamba 2, kada su jeru kamar sojoji. Ƙafa ja ce, siririya. Ido shi ne ƙarshe: haɗa shuɗi da ruwan ƙasa da kauri har su kusa baƙi, ka cika shi ka bar ɗigon fari ƙanƙani. In ɗigon nan ya rufe, tsuntsun zai yi kamar na roba. Sai ka ja layin katanga da ruwan ƙasa, ka sa 'yar inuwa a ƙarƙashin ƙafafu don ya zauna.

Hattara: kada ka ce sai ka zana kowane gashi. A katin da bai wuce tafin hannu biyu ba, yawan layi cunkushe tsuntsu yake yi.

Balbela kuwa, irin waɗanda ke bin shanu a bakin dam ɗin Ajiwa, ba a shafa mata fari. Bayanta ake shafawa da kore ko ruwan ƙasa, a kewaye jikinta a hankali, takardar da aka bari ita ce tsuntsuwar. Sai toka tsararo a ƙarƙashin wuya da ciki, da rawaya a baki.

11. In an yi ɓarna

Launi ya ɗiga inda ba a so: danna tishu nan take, kada ka goga. Wuri ya yi duhu bayan ya bushe: jiƙa shi da burushi mai tsabta, ƙirga goma, danna tishu, za ka rage wani abu ko da ba duka ba. Taswirar ruwa ta fito: bar ta ta bushe tukuna, sau da yawa a ganye ko bango kyau ma take ƙarawa. Launi ya koma kalar taɓo: ka haɗa launi fiye da uku ne, ko ruwan kofinka ya yi datti, ko ka yi ta komawa wuri ɗaya. Wannan ba ya gyaruwa. Juya katin, bayan takarda mai giram 300 ma ana zane a kai.

Shafi uku a wuri ɗaya shi ne iyakata. Daga nan hasken takarda ya daina ratsowa.

12. Cire tef da wanke kaya

Sai zanen ya bushe sarai. Kama bakin tef ɗin ka ja shi a kwance, a hankali, kana nisantar da shi daga zanen. Kada ka bar tef ya kwana biyu a takarda lokacin zafi, gam ɗin narkewa yake yi ya kama. In katin ya lanƙwashe, fesa wa bayansa ruwa kaɗan, sa shi tsakanin fararen takardu biyu, ɗora manyan littattafai ya kwana. Rubuta sunanka da kwanan wata da fensir a ƙasa.

Burushi a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a gyara tsininsa da yatsa, a kwantar da shi. Barin sa tsaye a kofin ruwa na lanƙwasa bakin, kuma ba ya komawa. Akwatin fenti a bar shi buɗe ya sha iska kafin a rufe. Fentin da ya bushe a faranti kada a wanke, gobe ruwa zai tayar da shi.

13. Ajiya, firam da farashi

Gara da kyankyaso suna son takarda da ƙaro. Ka ajiye katunan a roba mai murfi, da farar takarda tsakanin kowanne, nesa da ƙasa da bango.

In za ka sayar, ko ka bayar a biki ko suna ko saukar karatu, lissafin shi ne kuɗin kati ɗaya, da na wanda ya lalace kafin a samu mai kyau, da ambulan ko firam, sannan ladan awannin da ka zauna. Kada ka bari a kai shi leminetin, leda za ta manne da fentin har abada. Wurin mai firam kuma ka buɗe baki ka ce, "Malam, don Allah a yanka kwali a zagaye shi, kada gilashi ya taɓa zanen." In gilashi ya kwanta a kan takarda, danshin damina zai taru a tsakani ya ɓata launi. Wanda ka ba shi ma ka gaya masa ya rataye a bangon da rana ba ta bugawa, domin fentin ɗalibai, musamman ja da ruwan hoda, yana koɗewa a rana.